Shuwakar da Ba a Wanke Ba

A Fagge aka haife ni, a wani gida mai zaure biyu da ke bayan layin masu sayar da yadi. Kakana ne ya zo daga Barno da sana'ar ƙira, mahaifina ya gaje shi. Baba maƙerin fari ne, ba ya taɓa baƙin ƙarfe. Azurfa da tagulla yake narkarwa ya yi zobe da awarwaro da 'yan kunne. A zauren farko maƙerarsa take, saboda haka duk mai shiga gidanmu sai ya ratsa ta gefen zugazugi. A Kano ya yi wayo, amma in ransa ya ɓaci da Barbarci yake faɗa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula na shiga jami'a. Na tuna ranar rantsuwa Baba ya ajiye rediyo a kan uwar maƙera, maƙwabta sun cika zauren suna ta musu a kan ko abin zai ɗore. Da suka watse sai ya ce da ni, "Ke dai ki yi karatunki. In ya ɗore kin samu, in bai ɗore ba kin samu."

Kimiyyar sinadarai na karanta. Na gama, na yi bautar ƙasa, na koyar a wata sakandaren 'yan mata na wasu shekaru. An sake yin zaɓe har sau biyu soja ba su dawo ba, sannan na koma neman digiri na biyu.

Malamin da aka ba ni ya duba aikina yana cikin waɗanda suka bar ƙasar a zamanin soja, suka dawo da abubuwa suka lafa. Dogo ne, mai magana a hankali, ba ya son a ce masa Farfesa, sai dai Malam. Ranar farko ya tambaye ni sana'ar mahaifina. Da na faɗa masa sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe 'yar gida aka kawo min. Azurfa za ki yi aiki a kai."

Ya yi min bayani. Ya ce ana iya mayar da azurfa ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda in aka tsaga silin gashi gida dubu, to kusan girmansu ke nan. A wannan ƙanƙanta azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta sosai. Hanyar da aka saba yin su tana bukatar sinadarai masu guba, amma masu bincike sun fara gano cewa ruwan ganye ma yana iya yin aikin. Za a narka gishirin azurfa a tataccen ruwa, a ɗiga ruwan ganyen, in an dace sai launin ya juya zuwa ruwan ƙasa. Juyawar launin ita ce alamar farko.

"Ki zaɓi ganyen da mutane suka sani," in ji shi. "Amma ɗanye nake so, ba busasshe ba."

Na zaɓi shuwaka, don na tashi ina ganin Inna tana dafa wa masu jego ita. A Fagge busasshiya ake samu wajen masu magani. Ɗanya kuwa sai kasuwar Sabon Gari, wajen matan Ibo da ke sayar da ita don miya. Daga gidanmu ba nisa, in ka bi ta shataletalen Bata ka kutsa cikin 'yan adaidaita da masu tura kaya, ka isa.

A layin masu kayan miya na ga wata dattijuwa mai jiki, zaune a kan benci, ƙafa ɗaya a miƙe a kan kwali. Gabanta manyan robobi ne cike da ganye an dunƙula shi curi-curi, kore shar, yana ɗigar ruwa. Kowa a layin Mama yake ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta Baba fita. Na ce shuwaka nake so, ta ƙulla min curi uku a leda, na tafi.

Mako uku na yi ina fama. In tafasa ganyen, in tace, in ɗiga a ruwan gishirin azurfa, in zauna ina kallon kwalba. Launin ya ɗan yi kamar zai juya, sai ya tsaya a wani fatsi-fatsi mara ƙarfi. Malam ya ce a sake ruwa, aka sake. Ya ce wataƙila gishirin ya sha haske ya lalace, aka buɗe sabuwar kwalba aka naɗe ta da baƙar takarda. Duk ɗaya. Abin da na samu kawai shi ne baƙin tabo a yatsu, don gishirin azurfa in ya taɓa fata sai ta yi baƙi, sabulu ba ya fitar da shi. Baba ya ga hannuna muna cin abinci, ya kama yatsun ya duba, ya ce, "Wannan na san shi."

Zuwana na biyar wajen Mama ta riƙe ledar ba ta miƙo min ba.

"'Yata, in tambaye ki mana. Ku Hausawa ba kwa miyar shuwaka haka. Ke kuma duk bayan kwana huɗu kin zo. Gidan abinci kika buɗe?"

Na yi dariya, na ce a'a, aikin makaranta ne. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, ina tsammanin za ta gaji ta sallame ni. Sai na ga ta gyara zama.

"Wato abin da ke cikin ganyen kike so ya fita ya shiga ruwa?"

Na ce e.

"To ai wannan wankakkiya ce. Tun da asuba muke murza ta, mu matse, mu zubar, mu sake, har sai ɗacin ya tafi. Wa zai ci miya da wannan ɗacin? In ƙarfin ganyen kike nema, ya bi kwata. Saura kika yi ta saya."

Ni da Malam mun zargi ruwa, mun zargi gishiri, mun zargi wutar lantarki da ke ɗaukewa, babu wanda ya yi tunanin tambayar abin da aka yi wa ganyen kafin ya zo hannuna. Ni ban taɓa ganin yadda ake miyar ba, shi kuma bai taɓa zuwa kasuwar ba.

Ta ce in dawo da la'asar in ta tashi. Na dawo, ta bar wa maƙwabciyarta rumfar, muka taka zuwa gidanta. A hankali take tafiya tana ɗan jan ƙafar hagu. Gidan haya ne irin na Sabon Gari, ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, igiyoyin shanya sun sarƙe. A can ƙarshe, kusa da famfo, akwai bishiyar shuwaka da ta fi ni tsawo. Ta ce mahaifiyarta ce ta dasa asalinta, in ta tsufa sai a sare a sake kafa reshe.

"Ki riƙa tsinka a nan," in ji ta. "Bishiya ɗaya, ƙasa ɗaya. Ta kasuwa yau daga nan take, gobe daga can, ba za ki san wacce ta yi miki aiki ba."

Da na faɗa wa Malam wannan maganar sai ya ce, "Abin da nake koya wa ɗalibai wata guda ke nan ba su gane ba."

Washegari da safe na wanke ganyen da ruwa kawai don ƙura, na yanka, na tafasa, na tace. Ruwan ya fito kore mai duhu, ɗacinsa har a hanci. Na ɗiga shi a kwalbar. Kafin in gama rubuta lokaci a littafina ya fara juyawa, daga fari zuwa rawaya, daga rawaya zuwa kalar shayi, har ya zama ruwan ƙasa sosai. Sai da na maimaita sau uku kafin na je na kira Malam. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a taga, ya sa kaɗan a na'urar da ke auna haske, layin ya hau ya yi tudu daidai inda ake so. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ki je ki gaya wa malamarki ta kasuwa."

Kafin in je kasuwa sai da na biya gida da 'yar kwalba na nuna wa Baba. Ya girgiza ta, ya kai ta bakin zaure wajen haske.

"Ina azurfar?"

Na ce tana ciki, ta yi ƙanƙantar da ido ba ya gani.

"Shekara arba'in ina narka azurfa, ban taɓa ganin ta yi kalar shayi ba." Ya miƙo min. "Amma tunda kin ce tana ciki, tana ciki." Daga ranar, duk wanda ya zo karɓar zobe sai ya ji labarin cewa 'yarsa tana ƙera azurfar da ba a gani.

Mataki na gaba shi ne gwaji a kan ƙwayoyin cuta. A sashen da ke nazarinsu aka ba ni faranta na gilashi da aka shuka ƙwayoyin a kai, irin waɗanda ke sa miki ya yi ruwa. Na huda ƙananan ramuka na ɗiga ruwana. Bayan kwana ɗaya ƙwayoyin sun rufe farantin kamar hazo, amma kewayen kowane rami fes, babu abin da ya tsiro. Na ɗauki hoto da waya.

Murna ce ta sa na yi abin da bai kamata ba. Na kai wa Mama hoton, na ce, "Kin ga, ganyenki da azurfa sun kashe ƙwayoyin da ke hana miki warkewa." Haka na faɗa, ban ƙara da cewa a faranti ne kawai ba.

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta waiga ta ga babu mai saye, ta ɗage zaninta kaɗan ta kwance wani tsumma da ke ɗaure a ƙwaurinta. Miki ne, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, gefensa ya yi baƙi. Ta ce wata biyar ke nan, ƙarfen baro ne ya karce ta. Ta wanke da ruwan gishiri, ta barbaɗa garin kafso daga kemis, ta matsa ruwan shuwaka, ya ƙi rufewa. 'Ya'yanta suna kudu, ba ta gaya musu ba.

"Ki kawo min ruwan nan naki in gwada."

Na ce to. Ban ko yi jinkiri ba.

Da safe na cika 'yar kwalba na sa a jaka. Har na kai ƙofar ɗakin gwaji sai na ji ba zan iya wucewa ban yi wa Malam magana ba. Na shiga ofishinsa na fara kewaye-kewaye, wai a ce wani yana da miki, a ce an ɗiga masa kaɗan. Ya bar ni na gama.

"Kwalbar tana jakarki?"

Na sunkuyar da kai, na gaya masa labarin mikin Mama duka.

Bai yi faɗa ba. Ya ce in zauna. Ya ce faranti ba shi da jini, ba shi da ƙoda, ba ya jin zafi. Ba mu san adadin da jiki zai ɗauka ba, ko a kan ɓera ba mu gwada ba. Ba mu ma tabbatar duk gishirin ya juya ba, kuma ragowarsa yana ƙona nama. Sannan ya ce mikin da ya yi wata biyar bai rufe ba a jikin mai shekarunta, akwai abin da ke hana shi, kuma ba a kan fata abin yake ba.

"In kika ba ta, za ta ƙara wata biyu tana jiran ruwanki ya yi aiki. Wata biyun nan su nake tsoro."

Ya yagi takarda ya rubuta wa wani likita abokinsa da ke wani asibitin gwamnati, ya ba ni. Na fito da kwalbar na ajiye masa a kan tebur.

Ban taɓa jin nauyin tafiya irin na ranar ba. Na sami Mama tana murza ganye a roba. Na durƙusa na gaya mata ba zan iya kawowa ba, na faɗi dalili, na miƙa mata takardar. Ba ta karɓa ba. Ta ci gaba da murzawa.

"Ganyena ne fa," in ji ta.

Na ce na sani, Mama.

"Na kai ki gidana. Yau na roƙi abu ɗaya." Ta matse curin ta jefa a ɗaya robar. "Asibiti in sun ga irin wannan yankewa suke yi. Na ga wadda aka yi wa. Ki tafi, 'yata, ina da aiki."

Na koma gida na shige ɗaki. Baba ya lura ban fito cin abincin rana ba, ya aiko Inna ta kira ni zaure. Na ba shi labari duka. Ya saurara yana goge wani awarwaro da tsamiya. Da na gama ya ajiye, ya wanke hannu, ya shiga ciki ya sako babbar riga da hularsa ta zuwa Juma'a.

"Tashi ki kai ni."

Baba yana zuwa Sabon Gari sayen kayan aiki, amma ban taɓa jin ya shiga gidan kowa a can ba. Muka hau adaidaita. Mama ta riga ta koma gida, muka same ta a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa. Da ta ga dattijo a bayana sai ta yi yunƙurin tashi, ya ce ta zauna. Aka kawo masa kujera. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi 'ya'ya, ta tambayi iyali, ya yi mata godiya a kan abin da ta yi min. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mata wani tsohon tabo a damtsensa, fari, a tattare. Tun ina yarinya nake ganinsa ban taɓa tambaya ba.

"Madam, ruwan da muke narka azurfa da shi ne ya yi min wannan, ina saurayi. A kan lafiyayyar fata ke nan. Ni na yarda aikin yarinyar nan zai yi amfani wata rana. Amma yau ko ni na roƙa ba zan so ta ba ni ba. Ba rowa ta yi miki ba."

Mama ta ce, "Alhaji, tsoro nake ji."

"Na sani. Gobe ni da ita za mu zo mu raka ki. In sun ce za su yanke, ni zan fara yi musu gardama."

Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bakin zani. Ta miƙo hannu na ba ta takardar.

Mun je. Baba ya zauna a benci a waje tun safe har azahar, maƙera a rufe. Aka auna jininta aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinta ba ta sani ba, shi ya hana mikin rufewa. Likitan ya ce ba a kai ga maganar yanka ba, amma da an ƙara jinkiri da ba zai iya cewa haka ba. Aka kwantar da ita kwana tara, aka kankare mikin, aka ɗora ta a kan magani. Ranar na kira babbar 'yarta a waya, ta taso daga kudu. Inna ta riƙa aiko da faten wake da zogale, don an hana Mama yawancin abin da ta saba ci.

Bayan an sallame ta na riƙa raka ta wanki duk mako in ba ni da aji. Wata rana ma'aikaciyar jinya ta ajiye man da take shafa mata a kusa da ni, na ɗauka na karanta abin da aka haɗa shi da shi. Akwai azurfa a ciki. Ba irin tawa ba ce, wata tsohuwar haɗawa ce da aka daɗe da gwadawa aka amince da ita. Na gaya wa Mama. Ta dube ni, ta dubi ƙafarta.

"Duk wannan wahalar, ashe da zauren Babanki na je da an gama."

Sai da ma'aikaciyar ta ce ta daina dariya tana motsa ƙafa.

Mikin ya ɗauki wata huɗu kafin ya rufe. Ya bar tabo mai faɗi, amma ta koma kasuwa da ƙafafunta biyu. Ni kuma na ci gaba da tsinkar ganye a gidanta har na gama gwaje-gwajena. Aikina bai zama magani ba, kuma har yau bai zama ba. Na nuna cewa ruwan shuwaka yana iya ƙera ƙwayoyin, kuma suna hana wasu ƙwayoyin cuta tsiro a faranti. Iyakar abin da na iya ke nan. Yanzu ina koyarwa a sashen, ɗalibaina sun kai ga gwaji a kan ɓeraye, kuma tafiyar da saura.

Da na zo rubuta shafin godiya a kundin digirina, na sa Malam, na sa Baba da Inna, sai na tsaya. Fiye da shekara ina shiga gidan matar nan, na san ɗakinta, na san 'yarta, na san awon sugarta na kowane mako, amma ban riƙe cikakken sunanta ba. A katin asibiti 'yarta ce ta gyara rubutun, ni Mama kawai nake cewa. Na je kasuwa na tambaye ta, ina jin kunya. Ta ce me zan yi da shi. Na ce a littafi zan sa. Ta yagi gefen kwali ta rubuta da kanta, harafi ɗaya-ɗaya, ta sa na karanta mata sau uku har na daidaita muryar yadda ake faɗa a garinsu.

Da aka ɗinke kundin na kai mata rumfa. Ta goge hannu sosai kafin ta karɓa. Na buɗe mata shafin, ta bi layin da yatsa har ta kai kan sunanta. Ta kira matan layin suka zagaye mu, ta ce in karanta da ƙarfi, in kuma fassara da Hausa don kowa ya ji. Na karanta. Wata a cikinsu ta tambaya ko yanzu Mama ta zama likita. Mama ta ce a'a, malamar jami'a ce, a riƙa gaishe ta da kyau.

Bayan wasu shekaru 'ya'yanta suka matsa ta koma kudu kusa da su. Baba ya rasu a shekarar da ta biyo baya, Allah ya jiƙansa. Da labari ya kai mata ta kira Inna, suka daɗe a waya. Ita takan kira ni ranar Sallah, ni kuma in kira ta ranar Kirsimeti. Takan fara da tambayar yara da maigida, ni in tambaye ta ko tana shan maganinta a kan lokaci. Takan ce tana sha, sai in ce ta ba wa 'yarta wayar in ji daga bakinta.